Awaki Arba'in da Jadawalin Manaja

Aikin farko da aka ɗora mini a wannan sana'a, mata talatin aka ce in tara a gindin wata tsamiya a bayan Roni, za a zo a yi wa 'ya'yansu allura. Na tara huɗu. Biyu ƙannena ne, ta uku kurma ce, ganin tabarma ta yi ta zauna, ta huɗu kuwa tsintar tsamiya ta zo yi. Wadda ta ɗauke ni aikin, Madam Saratu, ma'aikaciyar lafiya ce 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a Kazaure har Hausarta ta fi ta wasunku. Ta sauko daga mota, ta dubi matan nan huɗu, ta dube ni, ta ce, "Ladi, yau wace kasuwa ke ci?"

Ashe kuwa ranar kasuwa ce. Duk matan da nake jira suna can sun kai ƙuli-ƙuli da daddawa.

Ta ce, "To ki riƙe wannan. Kafin ki sa wa mutane rana, ki tambayi abin da ranar ta riga ta sa musu."

Shekara bakwai ina ɗaukar mata jaka. Makarantata ke nan, ban taɓa zama a wata ba. Wannan ma da kuke karantawa, da baki na faɗa a waya aka juye shi a takarda, kuma na ce wanda ya canja mini kalma ɗaya ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu da kuke zuwa ƙofar gidana da jaka a goye kuna cewa, "Hajiya, ai aikinki ba wuya, kiran mutane ne kawai," ku zauna ku ji. Sana'ata ita ce tara mata. Ƙungiya ta zo da shiri, ko rijiya, ko dashen itatuwa, ko gidan sauro, ni ce ƙafarta da bakinta daga Kazaure zuwa Gwiwa, daga Roni zuwa Babura. Kayan aikina ba su kai cikin jaka ɗaya ba: takalmin roba, lema, goro a ganye don tsofaffi, gwangwanin madara cike da tsakuwa, da igiyoyin rama. Kowane ƙauye da igiyarsa, kowane gida da ƙullinsa. Gidan da ya amsa, ƙulli ɗaya. Gidan da mai gidan ya ce zai yi shawara, ƙulli biyu, wato sai na koma ta wajen mahaifiyarsa. Tsakuwa kuwa kwanaki nake ƙirgawa da ita, in cire ɗaya kowace safiya. Shekara talatin da wani abu, igiyar nan ba ta taɓa cewa caji ya ƙare ba.

Kuma ku sani, mai wannan sana'a iyayen gida biyu gare ta. Na ofis suna son adadi, na ƙauye suna son alkawari. Na ofis idan shiri ya lalace sai su rubuta rahoto su koma wata jiha. Ke kuwa a garin za ki tsufa, matan da kika yi wa alkawari su ne za ki haɗu da su a gidan suna da gidan gaisuwa har ƙarshen rayuwarki.

Mummunar shekarata ita ce shekarar da Nazifi ya zo. Sabon manaja ne ƙungiyar da nake yi wa aiki ta kawo ofishin Kazaure. Yaro ne mai ladabi, gaskiya, har ƙasa yake gaishe ni. Amma ya zo da takardu uku a cikin gilashi, ya kafa su a bango bayan kujerarsa, yadda duk wanda ya shigo sai ya gaishe su kafin ya gaishe shi. Ɗaya daga Kano, ɗaya daga Abuja, ta ukun ya ce daga ƙasar waje ta zo ta cikin kwamfuta, bayan jarrabawar awa huɗu. Duk ukun sun shaida cewa ya iya sarrafa shiri.

Ranar farko ya kwashe kujerun ofis. Ya ce daga yau kowace safiya za a yi taron tsaye, minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Da aka zo kaina na ce, "Jiya na zauna, yau ma zama zan yi, abin da ya tare mini hanya kuwa rashin kujera." Aka dawo mini da tawa. Ni kaɗai nake taron tsaye a zaune.

Sai ya cika bango da 'yan takardu masu gam a baya, ja da ɗorawa da kore. Ya raba bangon gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Zafin bazara ya narkar da gam ɗin, fanka ta kwashe su, mai shara ya tsince ya manna su duk a gidan ƙarshe saboda nan ne hannunsa ya fi kaiwa. Ofishinmu bai taɓa gama aiki kamar wannan satin ba. Akwai kuma littafin haɗura, inda ake rubuta duk masifar da ka iya faɗa wa shiri. An karanta mini shi: girgizar ƙasa na ciki, faɗuwar jirgin sama a kan motar ofis ma tana ciki. Ranar kasuwa ba ta ciki.

Ana haka takarda ta zo daga babban ofis, cewa daga yanzu duk ma'aikacin fili sai yana da takardar shaida, a saka ta a kwamfuta. Nazifi ya kira ni yana sosa ƙeya.

"Hajiya, wallahi ba ni ba ne. Kwamfuta ce take tambaya. Ko ta firamare ce, in dai da hatimi."

Na ce, "Ɗan nan, takardar da nake da ita ta haihuwar awakina ce, ita ma a kaina take."

Ya ce to sunana zai fita daga jerin ma'aikata, ya koma jerin masu ruwa da tsaki. Na tambayi bambancin. Ya ce ma'aikaci yana ba da shawara a rubuce, yana hawa motar ofis. Mai ruwa da tsaki kuma ana sauraronsa cikin girmamawa. Aikin dai shi ne, ni zan ci gaba da yi.

Babban shirin shekarar na awaki ne. Ƙauyuka huɗu tsakanin Gwiwa da Roni, kowanne mata goma, zawarawa da marasa ƙarfi, kowace a ba ta akuya ɗaya. Idan ta haihu, 'yar farko a miƙa wa wata macen da ke jira. Mata arba'in masu karɓa, mata arba'in masu jira. Masu ba da tallafin za su zo dubawa cikin sanyi, kuma sharaɗinsu a fili yake: idan ba su ga 'ya'ya ko ciki ba, a rufe shirin, a kwashe awakin a kai wata ƙaramar hukuma. Ni na shiga gida tamanin ɗin nan da ƙafata. Ni na ce wa masu jira, "Ku kafa turke, taku na zuwa." Suka kafa.

Nazifi ya zana jadawali dogo kamar zanen gado, layi-layi kala-kala. Layin saye, layin rabo, layin ciki wata biyar, layin haihuwa. Har ranar da akuya za ta haihu an sa mata jan alama. Ƙa'idar saye ta ce 'yan ƙanana za a saya waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kuma kada a kuskura a sayi mai ciki, don kar ta riga jadawali. Aka saya. Aka yi rabo ranar da jadawali ya ce, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Kwana uku bayan nan ruwan shuka ya sauka.

Ɗan ƙauye ko na goye ya san abin da ke biyo bayan ruwan shuka. Mai shela ya zaga da yawun dagaci: kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gona mai ita ya kuka da kansa. Daga ranar har a gama kwashe amfanin gona, akuya ba ta san komai ba sai turkenta da igiyarta. Da rani ne suke yawo su haɗu da bunsuran gari, ba mai tambayar na wane ne. Da damina kuwa masu bunsuru sun sayar ko sun fiɗiye, don ba mai son ɗaure wari a tsakar gida yana yanko masa ciyawa. Balle gidajen da muka zaɓa, waɗanda ko kaza sai an yi bincike.

A taron tsaye na ce, "Manaja, a jadawalin nan naka, wane layi ne na bunsuru?"

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce, "Hajiya, shirin na tallafa wa mata ne. Shi ya sa awakin duk mata ne."

Bitrus direba, mutumin Filato da ya fi shekara ashirin yana tuƙa ni a hanyoyin nan, ya fita waje da sauri kamar an kira shi. Ta taga na hango shi ya dafa mota, kafaɗunsa na rawa.

Na yi wa yaron bayani dalla-dalla, irin bayanin da bai kamata tsohuwa ta yi wa ɗan cikinta ba. Ya gane, har gumi ya keto masa. Amma ya ce ƙara bunsuru canji ne ga shiri, canji kuma sai da takardar neman canji, a aika Dutse, Dutse ta aika Abuja, kwamitin canji kuma yana zama sau ɗaya a wata uku. Ya cike takardar a gabana ya aika. Na ciro gwangwanina na zube tsakuwa a kan teburinsa, na ware na wata uku, na ware na wata biyar. Na ce, "Duba. Ranar da kwamitinka zai yarda a yi barbara, baƙinka sun riga sun sayi tikitin zuwa."

Ya ce, "Zan saka shi a littafin haɗura."

A satin na je ɗaya daga ƙauyukan na Gwiwa. Talatu, wata bazawara mai 'ya'ya biyar da ke cikin masu jira, ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Inna Ladi, turken da kika sa na kafa har ya yi tsiro. In bar shi ya zama bishiya ne, ko akuyar na tafe?" Matan wajen suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. A shekara talatin ba a taɓa yi wa maganata dariya a bakin rijiya ba.

Ranar kasuwar Babura na hau motar haya da sassafe. Na zaga karar dabbobi sau biyu kafin na ga bunsurun da nake nema: ja jawur, gajere, faffaɗan ƙirji, gemu kamar na alƙali, wari kuwa tun daga layin masu hatsi ake jin sa. Wani Ba'adare ne ya shigo da shi daga ƙetare, yana ta yi mini ciniki da sefa ina mayar masa da naira. Na saye shi daga aljihuna. Da zan tafi mutumin ya miƙo mini wata takarda, ya ce ta likitan dabbobi ce na bakin iyaka, shaidar an duba shi an yi masa allura. Hatimi biyu a jiki, shuɗi da ja. Na cusa ta a jaka. Na sa masa suna Jatau.

Saura kai shi. Ƙauyukan nan da damina motar haya ba ta shiga, ɗan acaɓa na farko da na tsayar kuma ya shaƙi Jatau ya ce shi yana da iyali. Motar ofis ce kaɗai mai iya ratsa laka. Na lallaɓa na kawo shi Kazaure a motar haya, na ja shi har harabar ofis na ɗaure a jikin tutar ƙungiya.

Nazifi ya fito da hankici a hanci. Ya ce dokar mota ba ta yarda a ɗauki dabba ba, ba ta kuma yarda a ɗauki wanda ba ma'aikaci ba. Ma'aikacin fili ne kawai, sai mutum ɗaya da zai yi masa rakiya daga cikin al'umma.

Bitrus ya ce, "Oga, ai kana da ikon ɗaukar ma'aikacin wucin gadi ba sai Abuja ta sani ba, ko?"

"Ina da shi. Amma Hajiya ba ta da takarda, kwamfuta ba za ta karɓa ba."

"Ba Mama nake nufi ba." Ya nuna Jatau da leɓe. "Mama, ba kin ce ya zo da takarda ba?"

Na ciro ta. Nazifi ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya dubi hatimin nan biyu. Ya daɗe a tsaye, ya fi minti goma sha biyar ɗinsa. Sannan ya ce, "Allah ya sa kada a kore ni," ya shiga ciki. Kwamfuta ta tambayi suna, ya rubuta Jatau Babura. Ta tambayi fanni, ya rubuta ƙwararre kan haihuwar awaki. Ta tambayi takardar shaida, ya ɗauki hotonta ya saka. Ta yi kore, ta karɓa. A gurbin mai rakiya aka rubuta Ladi.

Haka muka fara zagaye: Bitrus a sitiyari, ni a gefensa da lema, jami'in fili a baya yana cin harawa. Kada ku ɗauka sauke shi kawai ake yi a tafi. A kowane ƙauye sai na fara zuwa wajen dagaci, in ce, "Ranka ya daɗe, baƙo na kawo, kwana goma zai yi," ya ba mu gida mai katanga da dabba ba za ta tsallaka gona ba. Matan su jawo awakinsu goma a igiya a haɗa su wuri ɗaya. In raba musu kwanakin yankan ciyawa, in kauce wa ranar kasuwa, in kauce wa ranar da ake gayya a gonar wani. In koya musu alamar da za su duba: akuya ta dami mutane da kuka, tana kaɗa bindi, ta ƙi abinci. Wadda aka hau, ƙulli ɗaya a igiyata, tsakuwa ashirin da ɗaya a gwangwani. Idan tsakuwa ta ƙare ba ta sake kuka ba, ta ɗauka, in ƙara ƙulli. Idan ta sake, sai mun dawo. Sau biyu muka zaga ƙauyukan nan huɗu. Sau uku mota ta kafe, na sauka na tattare zani na tura, jami'i yana kallona ta gilashi.

Kowace safiyar Litinin a taron tsaye Nazifi zai ce, "Rahoton Malam Jatau?" In ce, "Jiya ya yi uku, yau yana hutawa, abin da ya tare masa hanya wata baƙar akuya ce mai tunkuyi." Ya rubuta da gaske, ya manna a bango. Daga baya ma ya roƙe ni in bar masa igiyoyin kwana ɗaya ya kwafe su a kwamfuta. Na ce ya kwafa a gabana, ba a kwana da su a waje.

Amsar kwamitin canji ta iso bayan an gama yankan gero. Sun ce ba su amince ba, saboda ba a nuna yadda bunsuru ya dace da manufar tallafa wa mata ba. Lokacin Jatau ya rame ya zama kamar tsumma, awaki talatin da bakwai kuma sun yi nauyi.

Baƙi suka zo cikin sanyi, mace ɗaya da maza biyu, da huluna masu faɗi. Gidan farko da suka shiga, 'yan awaki biyu jajaye suka fito da gudu suka bi ta tsakanin ƙafafunsu. Gida na biyu ma ja. Na uku ja. Matar ta tambaya ta bakin tafinta me ya sa duk kamarsu ɗaya. Nazifi ya ce wannan shi ake kira daidaiton inganci. Suka rubuta. Talatu, da aka yaye tata aka kai mata, sai da ta sare tsiron turken kafin ta ɗaure. Ta aiko mini da ƙwaryar gyaɗa, ba ta ƙara maganar bishiya ba.

An ƙara wa shirin shekara biyu. Rahoton ya fito da babi guda kan sabuwar dabara mai suna zagayen ƙwararre. Nazifi ya sami takarda ta huɗu. Wata rana da hantsi sai ga shi a gidana, ya durƙusa, ya miƙo mini wani abu a cikin gilashi, ya kasa haɗa ido da ni.

"Hajiya, babban ofis ne suka aiko. Kwamfuta ce ta zaɓi gwarzon ma'aikacin fili na shekara. Na rasa wanda zan ba."

Na ce ya karanta mini. Ya karanta: an ba Malam Jatau Babura, saboda ƙwazo, da juriya, da kyakkyawar hulɗa da masu cin gajiyar shiri. Na ce duk gaskiya ne, ban ga ƙarya ko ɗaya ba. Na sa shi ya buga ƙusa da hannunsa ya rataye ta a ɗakina, saman inda nake ajiye igiyoyi.

To ku masu cewa sana'ar nan kiran mutane ce kawai, ku je ku yi jarrabawarku ta awa huɗu, ban hana ku ba, takarda tana buɗe ƙofar mota. Amma wanda zai zo koyo wajena, ya zo da amsar abu biyu: yau wace kasuwa ke ci, kuma dabbobin garin a sake suke ko a ɗaure.

Watan jiya wayata ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga wata sabuwar ƙungiya a Dutse, murya kamar ta gidan rediyo. Ta ce za su fara shirin awaki a wajen Kanya Babba, sun karanta rahoto, suna neman Malam Jatau Babura ya zo ya horar da ma'aikatansu, lambata ce a gaban sunansa.

Na ce, "'Yar nan, Malam Jatau ya ajiye aiki tun sunan jikata. Jama'a da yawa sun halarta, kowa ya yaba da shi. Amma mai rakiyarsa tana nan."

Na ji tana taɓa kwamfuta. Ta ce, "To Mama, ita mai rakiyar, tana da takarda?"

Na ɗaga kai na dubi bango. Na ce, "Tana da tasa."